KWANA ARBA'IN A ƘAUYE GUDA YA FI ZAGAYA GARI ARBA'IN

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malamai ya gabatar a wani zama da aka shirya wa samari 'yan makaranta gab da tafiya dogon hutu, a kan ladubban tafiya da yadda matashi zai ci moriyar hutunsa.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira da alayensa da sahabbansa, Malam ya fara da cewa ba a taɓa yin zamanin da tafiya ta yi sauƙi kamar wannan ba. Ya ce hanyar da fataken goro ke shafe watanni suna bi da jakuna daga Kano zuwa Gwanja, yau mota na cinye ta a 'yan kwanaki. To amma bafataken da, in ya dawo, ya san zangon da ke da ruwa da wanda ba shi da shi, ya san mai masaukinsa da 'ya'yan mai masaukinsa, wani lokaci ma har ya iya harshen mutanen. Matafiyin yau kuwa sau da yawa abin da yake dawowa da shi bai wuce hotuna a waya da ciwon baya ba.

Malam ya ce: "Sai ka ga saurayi ya samu hutun mako guda, ya ce zai ga gari biyar. Ya tsaya ƙofar fada ya ɗau hoto, ya tsaya bakin kasuwa ya ɗau hoto, ya watsa a Facebook, ya faɗa mota. In ka tambaye shi me mutanen garin ke ci da dare, ko nawa ake sayar da tiyar gero, ko me ke hana su barci, sai ya yi ta sosa ƙeya. Ya je garin, amma mutanen garin bai sadu da su ba."

Ya ce maudu'in zaman shi ne wata irin tafiya dabam: mutum ya zaɓi ƙauye guda ɗaya, ƙarami, ya sauka, ya kwance kayansa, ya zauna da mutane har su daina kallonsa in ya gitta. Ya kuma ce wannan ba maganar shaƙatawa ce kawai ba, domin daga cikin waɗanda ke zaune a wurin akwai waɗanda gobe za su zama likitoci, malaman gona, malaman makaranta da masu riƙe da al'amuran jama'a, kuma wanda bai san mutane ba, ko da niyyarsa tana da kyau, zai iya cutar da su yana zaton taimako yake yi.

RANGADI

Da ya shiga cikin bayanin, Malam ya ce Bahaushe yana da kalma ta musamman da yake kiran tafiyar gaggawa daga gari zuwa gari, wato rangadi, kuma ya kamata 'yan uwa su tuna lokacin da kalmar ta yi tashe. A zamanin mulkin mallaka Di'o kan fita rangadi bisa doki, 'yan alaro na biye da kayansa a ka. Kafin ya iso labari ya riga shi. An share hanya, an gyara barikin da zai sauka, wanda galibi a bayan gari ake gina shi, an tanadi kaji da ƙwai da ciyawar doki. Dagaci da masu unguwa su zo su yi gaisuwa, tafinta na tsakani, a duba lissafin haraji da jangali, a kwana ɗaya ko biyu, da asuba a ɗaura sirdi.

Ya ce duk abin da Baturen nan ya gani an shirya masa shi ne, duk abin da ya ji kuma ya bi ta bakin tafinta da dagaci. Talakan da aka ƙwace wa akuya saboda haraji ba shi da hanyar isa gabansa, in ma ya isa, ya san gobe Bature zai wuce ya bar shi da dagaci. Da irin wannan gani ake rubuta rahoto, da rahoton kuma ake yanke wa jama'a hukunci. Malam ya ce Turawa sun tafi a 1960, amma rangadi bai tafi ba. Doki ne kawai ya koma mota mai sanyi, tafinta ya koma jami'in yaɗa labarai.

ABUBUWA SHIDA DA KE RUFE IDON MAI WUCEWA

Malam ya ambaci wani masani ɗan Ingila mai suna Robert Chambers, wanda shi kansa ya taɓa zama Di'o a Kenya kafin ya koma bincike a kan raya karkara. A wani littafi da ya fitar a 1983 ya yi wa ziyarar da manyan ma'aikata ke kai wa ƙauyuka laƙabi da yawon buɗe ido, ya kuma lissafa hanyoyi shida da irin wannan ziyara ke ɓoye wa mai ita gaskiya. Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kawo misalai daga ƙasarmu.

Na farko shi ne kwalta. Mai sauri yana bin inda mota ke iya zuwa, kuma a bakin titi masu hali ke gina gidaje da shaguna. Mafi talauci suna can ciki, bayan rafi, inda sai an tuɓe takalmi. Na biyu shi ne wurin nuni: rijiyar burtsatse guda da ke aiki, gonar gwaji guda da ta yi kyau, can ake kai kowane baƙo, sauran goman da suka lalace ba mai nuna su. Na uku shi ne mutanen da ake gani. Baƙon kwana ɗaya da masu gari yake zama, da maza, da masu lafiya, da masu iya magana. Tsohuwar da ba ta da kowa, da majinyacin da ke kwance a ɗaki, da yaron da bai shiga makaranta ba, ba sa zuwa tarbar baƙo.

Na huɗu, wanda Malam ya fi daɗewa a kai, shi ne lokaci. Ya ce masu ziyara sun fi zuwa da kaka ko da rani, lokacin da hanya ta bushe, rumbu ya cika, ana bukukuwan aure, fuskoki sun yi haske. Alhali kuwa wahalar manomi tana tsakiyar damina ne, kafin gero ya nuna. A lokacin ne hatsin bara ya ƙare, farashi ya hau, aikin gona ya fi nauyi, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka fi kama yara, kuma a daidai lokacin ne marka ke yanke hanya baƙi su daina zuwa. Wanda ya san ƙauye a watan Disamba kawai, in ya ce mutanen karkara na cikin wadata, ba ƙarya yake da gangan ba, rabin shekara ce ta ɓace masa.

Na biyar shi ne kunya. Baƙo ba ya son tambayar abin da zai kunyata mai masauki, mai masauki kuma ba ya tona asirin gidansa ga wanda ya gani yau. Malam ya ce mu da muka san Bahaushe mun san zai iya yanka kazarsa ta ƙarshe saboda baƙo, ya ce lafiya lau, alhali iyalinsa ba su ɗora tukunya jiya ba. Na shida shi ne idon sana'a: likita cuta kawai yake gani, injiniya gada kawai yake gani, babu mai tsayawa ya ga yadda rashin gada ya jawo rashin magani, rashin magani ya jawo jinginar da gona.

Ya ce duka shidan nan maganinsu ɗaya ne, kuma ba kuɗi ba ne, daɗewa ce.

DARASIN BATAGARAWA

Don tabbatar da haka, Malam ya kawo misali daga ƙasar Katsina. Ya ce a shekarar 1967 wata Baturiya 'yar Ingila mai suna Polly Hill, masaniyar tattalin arziki, tana da shekara hamsin da uku, ta sauka a Batagarawa, kimanin mil shida kudu da birnin Katsina. Garin yau hedikwatar ƙaramar hukuma ne, amma a wancan lokaci mutanensa ba su wuce 1,400 ba, kuma ko kasuwa ba ta ci a cikinsa. Da ta so, da ta zagaya lardunan Arewa cikin mota ta rubuta babban littafi. Sai ta zauna wuri guda kusan rabin shekara, a lokacin aikin gona, tana bin gonaki tana tambayar mai kowace, tana haɗa abin da aka gaya mata da hoton gonakin da aka ɗauka daga jirgin sama.

Malam ya ce a lokacin, abin da masana da ma'aikatan gwamnati suka ɗauka shi ne manoman ƙauye duk ɗaya suke: kowa na da gona daidai ƙarfinsa, tunda ga daji nan ba mai hana ka sara, saboda haka babu mai kuɗi babu matalauci na sosai. Wannan fahimta ce ta masu rangadi, domin daga kan hanya gidajen ƙasa da rumbuna duk kama suke yi.

Abin da zama ya nuna mata dabam ne. Ta ƙidaya gidajen manoma 171, ta kuma nemi mutanen garin da suka san kowa su kasa mata su gwargwadon yadda kowane gida ke iya jure wa shekarar da amfani ya makara ko bai yi kyau ba. Sai ga kashi huɗu. Gida 17 sun wuce wahala har suna iya tallafa wa wasu. Gida 45 suna riƙe da kansu. Gida 68 suna shan wuya daidai gwargwado. Gida 41 kuwa suna cikin matsi mai tsanani. Na sama kowane gida na da kusan eka 20 ta gonar da ake sa wa taki ana nomawa duk shekara, na ƙasa kuwa ba su kai eka 3 ba.

Ya ce abin da ya fi ƙididdigar muhimmanci shi ne ta gano yadda abin ke juyawa. Mai hali yana da taki, yana da 'ya'ya a gandu, yana iya ɗaukar 'yan ƙwadago. In an yi girbi sai ya rufe rumbunsa, har ya sayi ƙari lokacin da hatsi ke da araha, ya jira damina ya sayar da tsada. Marar hali kuwa da kaka bashi da haraji na jiransa, sai ya sayar da hatsinsa a lokacin da ya fi arha. Kafin shuka rumbunsa ya yi ƙasa. Ranar da ya kamata ya yi noman farko a gonarsa, yana gonar wani yana ƙwadago don abin da za a ci da dare. Ciyawa ta cinye tasa gonar, amfani ya ragu, ya ci bashin dami da alkawarin biya da ƙari in an yi girbi, daga nan sai jingina, daga jingina sai sayarwa. Wato mutum na iya talaucewa har noman kansa ya gagare shi, ga daji kuwa a buɗe.

"Mai wucewa a mota in ya hango gonar nan cike da ciyawa," in ji Malam, "me zai ce? Zai ce mai gonar rago ne. Ya zalunce shi da harshe, alhali mutumin nan tun asuba yake duƙe a gonar wani. Ku dubi yadda gaggawa ke kai mutum ga mummunan zato."

Abu na biyu da ta gano ya shafi ciniki. Baƙo in ya ga gari ba kasuwa, mata kuma suna cikin kulle, sai ya ce ba a ciniki, mata ba sa sana'a. Ashe kasuwar tana cikin gidaje. Mata na sayar da hatsin mazajensu a kan tiya daga cikin gida, suna yin fura da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da abincin sayarwa, yara na kai talla suna kawo labarin farashi daga gida zuwa gida. A 1969 ta rubuta maƙala a kan wannan ɓoyayyen ciniki, a 1972 kuma ta fitar da littafinta a kan garin, wanda kusan rabinsa bayani ne na kalmomin Hausa irin su gandu da gayauna da jingina da ƙwadago. Bayan haka ta sake yin irin wannan zama a Dorayi, wadda a lokacin karkara ce a gefen Kano, yau kuwa birni ya haɗiye ta.

Malam ya ce ba ya kawo wannan ba ne don a ɗauka duk abin da ta rubuta babu gyara, ko kuma Batagarawa ta yau ita ce ta 1967. Abin lura shi ne, duk abin da ta rubuta daga bakin mutanen garin ta ji shi. Ilmin yana wurinsu tun da, abin da ta kawo kawai shi ne haƙurin zama da saurare. Ya ce abin takaici ne a ce ɗan jami'armu ya je ɗakin karatu yana neman littafin baƙuwa don ya san yadda kakansa ya rayu, alhali ga kawunsa a ƙauye da rai, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi.

BABA TA KARO DA IBN BAƊUƊA

Malam ya ƙara da misalai biyu a taƙaice. Ya ce tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata mai suna Mary Smith ta yi makonni tana zama kullum da wata dattijuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Dattijuwar ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, tun daga zamanin hare-haren kamun bayi da zuwan Turawa har zuwa al'amuran aure da zumunci. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa ba sa wuce shi. Malam ya ce da gaisuwar tsaye aka yi da ita, da duk wannan ya bi ta kabari. Ya tambayi samarin, tsofaffi nawa ne a danginsu ke riƙe da irin wannan tarihi suna jiran mai tambaya?

Sannan ya ce ko Ibn Baɗuɗa, wanda ya bar Tanja ta Maroko a 1325 ya shafe kusan shekara talatin yana yawo, in aka duba labarinsa za a ga inda ya fi armashi kuma masana tarihi suka fi dogara da shi shi ne inda ya zauna. Ya yi shekaru yana alƙalanci a Delhi ta Indiya. A tafiyarsa ta ƙasar Mali a 1352 zuwa 1353 ya yi kwana hamsin a Walata, ya yi kimanin wata takwas a babban birnin Mali, shi ya sa ya iya bayyana yadda ake zaman fada da yadda ake cika masallaci ran Juma'a da yadda ake matsa wa yara haddar Alƙur'ani. Ƙasar Gobir kuwa bai taka ta ba, labarinta ya ji yana Takadda, saboda haka ambatonta bai wuce 'yan kalmomi ba.

SU MA CAN SUN GAJI DA GUDU

Da ya juya ga halin da ake ciki a Turai, inda sana'ar yawon buɗe ido ta fi ƙarfi, Malam ya ce su kansu sun fara ɗanɗana kuɗarsu. Ya ba da misalin wani ƙauye a Ostiriya mai suna Hallstatt, wanda mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba, amma a ranakun cunkoso baƙi kan kai dubu goma. Yawancinsu daga manyan motoci suke sauka, su ɗau hoto a wuri guda, su koma. A 2023 sai da aka kafa shingen katako na ɗan lokaci don tare wurin ɗaukar hoton, daga baya mutanen garin suka fito suka tare hanyar shiga. Ya ce baƙon da ba ya kwana, ba ya gaisuwa, ba ya sanin sunan kowa, ƙura da hayaniya kawai yake bar wa masu gari.

A Italiya kuma, tun 1986 wani mai suna Carlo Petrini da abokansa suka tayar da yunƙurin kare abincin gargajiya bayan an buɗe shagon McDonald's a tsakiyar birnin Rum, suka ɗauki dodon koɗi a matsayin alamarsu. Daga wannan tunani a 1999 wasu ƙananan garuruwan ƙasar suka kafa ƙungiyar garuruwa masu tafiya a hankali, sannan aka samu masu kira ga tafiya a hankali: ka kama ɗaki a ƙauye ɗaya, ka yi cefane inda mutanen gari ke yi, ka yi tafiya da ƙafa. Malam ya ce abin da suke biyan kuɗi su koya yanzu, almajirin da ya tafi gabas ya zauna gaban malami guda shekara da shekaru ya san shi, haka ma ɗan ci-rani. Mu ne muke neman yar da shi.

YADDA AKE ZAMAN

A nan Malam ya jawo hankali ga wata mas'ala da duk ɗan Islamiyya ya sani. Ya ce a mazhabar Malikiyya matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya daina ƙasaru, ya koma cika salla kamar ɗan gari. Hanafiyya kuwa kwana goma sha biyar suka ce. Ya ce akwai abin lura a nan: shari'a ta bambance mai wucewa da mazauni, ta yi wa na farko rangwame, ta ɗora wa na biyu abin da ta ɗora wa mutanen gari. Haka kuma sananne ne cewa haƙƙin liyafar baƙo kwana uku ne. Saboda haka wanda zai yi wata guda a ƙauye, daga kwana na huɗu ya daina jiran a kawo masa, ya tashi ya ɗau guga.

Daga nan ya jero wa 'yan uwa nasihohi. Ya ce a shiga gari ta ƙofa: a bi ta hannun abokin karatu ko ɗan uwa ɗan garin, da izinin iyaye, a fara da gaida mai gari da liman a faɗi abin da ya kawo mutum. A tafi da tsaraba daidai ƙarfi, ko sabulu ne da sukari da gishiri, a kuma sa hannu a cefanen gida cikin hikima, musamman in damina ce, don kada zaman ya zama nauyi ga wanda kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. A ci abin da aka ci, ko tuwon dawa ne da miyar kuka safe da dare, ba tare da yamutsa fuska ba.

Ya ce a riƙi aiki. In ana noma a karɓi fartanya, ko da za a yi wa mutum dariya hannunsa ya yi kanta. In ana gayya a je. In akwai abin da mutum ya iya, kamar koya wa yara karatu da lissafi ko cike wa wani takarda, ya yi, ba tare da nuna shi ne wayayye ba. A je jana'iza, a je suna, a zauna dandali bayan isha'i. A kiyaye hurumin gidaje da mata, kada a ɗau hoton kowa sai da yardarsa, kada kuma a mai da talaucin mutane abin nunawa a intanet.

Makon farko, in ji shi, na kunne ne. Kada saurayi ya sauka yau gobe ya fara gyara wa dattawa al'amuransu ko ya shiga rigimar da ya tarar, ta gona ce ko ta sarauta ko ta siyasa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ya shawarce su kowa ya riƙe ɗan littafi yana rubuta abin da ya koya da dare: farashin tiya a ranar da ya zo da ranar da zai tafi, nisan rijiya, nisan asibiti, sunayen itatuwa da ciyayi, kalmomin da bai taɓa ji ba, tarihin kafuwar garin daga bakin tsofaffi. Ya gargaɗe su cewa wajen kwana na biyar gundura za ta zo, ba wuta, ba cajin waya, rana ta ƙi faɗuwa. Wanda ya daure ya wuce nan, a mako na biyu za a daina shimfiɗa masa sabuwar tabarma, a mako na uku za a fara magana a gabansa kamar ba ya nan, kuma daga nan ne karatu ke farawa. Bayan an dawo kuma kada a yanke zumunci: a riƙa kira, in ɗan garin ya shigo birni neman asibiti ko makaranta, a tarbe shi kamar yadda ya yi tarba.

TAMBAYOYI

Da aka ba da damar tambaya, wani saurayi ya miƙe ya ce: "Allah ya gafarta Malam, yanzu da wasu ƙauyukan ba sa shiguwa saboda 'yan bindiga, yaya za a yi?" Malam ya ce tambayar tana kan hanya, kuma ba wanda aka ce ya kai kansa ga halaka. Ya ce akwai yankuna a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja da mutanensu ma suka yi gudun hijira. Kada a je ko'ina sai an tambayi 'yan garin halin da ake ciki a makon, a yi tafiya da rana, in iyaye suka hana a haƙura. Ya tunatar cewa Batagarawa mil shida ce daga birni, Dorayi kuwa a gefen Kano take, saboda haka ba nisa ake nema ba. Wanda kuma ƙauyensu ya tashi, ya nemi mutanen ƙauyen inda suke gudun hijira ya zauna da su, su ma suna da abin faɗa, kuma sun fi kowa bukatar mai saurare.

Wani kuma ya ce su ɗalibai ne, ba su da kuɗin tafiya. Malam ya amsa da cewa: "Ɗana, ai wannan ita ce tafiyar marar kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da ke cinye aljihun matafiyi kuɗin mota ne. Mai gari biyar sau shida zai biya, ga masauki ga abincin tasha. Kai sau biyu za ka biya, zuwa da dawowa, ragowar ka sayi tsaraba."

Daga ƙarshe Malam ya nemi kowane ɗaya daga cikin mahalarta, kafin ya bar wurin, ya rubuta sunan ƙauye guda da sunan wanda zai sauke shi, ya kuma ce in Allah ya kai rai bayan hutu za a sake zama, kowa ya zo da littafinsa ya karanta wa 'yan uwa abin da ya koyo. Ya roƙi Allah ya kai kowa lafiya ya dawo da shi lafiya, ya ba da damina mai albarka, ya kawo wa mutanen karkara sauƙi da zaman lafiya. Aka rufe zaman da addu'a gab da sallar magariba.